Labarin Althea Gibson, Gwanar Wasan Tanis

'Yan'uwana ɗalibai, labarin da na kawo muku a wannan fitowa na wata mace ne baƙar fata, mutuniyar Amurka, mai suna Althea Gibson. Ita ce baƙar fata ta farko, ko cikin maza ko cikin mata, da ta ci babbar gasar tanis ta Wimbledon a Ingila. Na zaɓe ta ne domin ita ma ta koyi aikin malanta kamar yadda mu ke koyo, har ta koyar shekara biyu. Labarinta kuwa yana da wani abin mamaki. Ta kai matsayin da babu macen da ta fi ta iya tanis a duniya, sa'an nan ta bar gasa tana kan ganiyarta, domin ba ta da abin biyan kuɗin haya.

An haife ta ran 25 ga Agusta 1927 a wani ƙauye mai suna Silver, cikin jihar Karolina ta Kudu. Iyayenta, Daniel da Annie Bell Gibson, suna noman auduga a gonar wani, in an yi girbi a raba. Da auduga ta ƙi kuɗi, sai suka ƙaura zuwa birnin Niyu Yok a 1930, suka zauna a Harlem, unguwar baƙaƙe. A nan Althea ta girma, doguwa, mai ƙarfi, mai zafin zuciya. Makaranta ba ta dame ta ba ko kaɗan. Ta kan gudu ta tafi wasan ƙwallo ko kallon siliman, wani lokaci ma ta kwana cikin jirgin ƙasa na birni don tsoron dukan da ke jiranta a gida. Ubanta da kansa ya koya mata dambe. Tana da shekara goma sha uku ta daina zuwa makaranta.

Titin gidansu yana cikin titunan da 'yan sanda su kan tare da rana don yara su sami wurin wasa. Akwai wani ƙaramin tanis da a ke yi a kan kwalta da faifan katako, shi ta fara koya, a 1939 kuwa, tana da shekara goma sha biyu, ta cinye dukan matan birnin a wannan wasa. Wani makaɗi mai suna Buddy Walker ya lura da ita, ya sa mata raket na ainihi a hannu. Maƙwabta suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin shiga kulob ɗin Cosmopolitan, inda masu hali cikin baƙaƙen Harlem ke wasa, aka haɗa ta da wani mai koyarwa mai hannu ɗaya, Fred Johnson.

Sai na ɗan tsaya nan in bayyana yadda tanis ya ke a zamanin, gama in ba a gane wannan ba, ba za a gane sauran labarin ba. Abu biyu ne suka tsare mata hanya. Na farko, wariyar launin fata. Manyan kulob-kulob na Turawa ne, ba sa barin baƙi su shiga, shi ya sa baƙaƙe suka kafa tasu ƙungiya a 1916, wadda a ke kira ATA, suna gasarsu dabam. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Dukan manyan gasannin duniya na masu wasa don sha'awa ne kaɗai. Ba a ba wanda ya ci ko kwabo, sai kofi da ɗan kuɗin guzuri, wanda kuma ya karɓi lada saboda wasa, an rufe masa ƙofar gasa ke nan. Watau wasa ne na 'ya'yan masu dukiya, waɗanda ba su da damuwar abin da za su ci gobe. 'Yar manomin auduga kuwa, sai dai in wani ya ɗauki nauyinta.

Althea ta ci gasar 'yan mata ta ATA a 1944 da 1945. A 1946 ta shiga ta manya, ta kai wasan ƙarshe, Roumania Peters ta ka da ita. Cikin masu kallo akwai likitoci biyu baƙaƙe, Likita Hubert Eaton na Wilmington da Likita Walter Johnson na Lynchburg. Suka ga yarinyar tana da baiwa, suka yi mata maganar kwaleji, sai ga shi ko sakandare ba ta gama ba. Suka yanke shawara a tsakaninsu. Lokacin karatu za ta zauna a gidan Eaton tare da iyalinsa, ta koma makaranta, lokacin hutu kuma Johnson ya zaga da ita gasanni cikin motarsa. Ta yi ta shakka, amma ɗan damben nan Sugar Ray Robinson da matarsa, waɗanda suka san ta a Harlem, suka ƙarfafa mata zuciya ta tafi.

A ganina wannan tafiya ta fi dukan wasannin da ta yi wuya. Ku duba budurwa mai shekara goma sha tara, wadda ta saba da yawon birni ba mai ce mata kul, ta koma ta zauna a benci ɗaya da yaran da ta girma nesa ba kusa ba. Ga shi kuma Kudu ce, inda doka ta ce baƙi su zauna a bayan bas. A gidan likitan aka koya mata zama a tebur, da sa tufafin mata, da komowa gida kan lokaci. Ta daure. A makarantar Williston ta zama kyaftin ɗin 'yan mata a ƙwallon kwando, tana kuma busa saksofon cikin makaɗan makaranta. Ta gama a 1949, ta zo ta goma a ajinsu. Tun 1947 kuwa ta fara cin gasar mata ta ATA, ba ta sake sakinta ba har shekara goma a jere.

A shekarar da ta gama ta sami sukolashif na wasanni a kwalejin Florida A&M, a garin Tallahassee. Wannan kwaleji an kafa ta ne a 1887 don horar da malamai baƙaƙe, daga baya aka ƙara mata aikin gona da sana'o'in hannu, a 1953 ta zama jami'a. Althea ta shiga tana wajen shekara ashirin da biyu, ta girmi yawancin 'yan ajinta. Ta karanta ilmin motsa jiki, ta yi wa kwalejin wasan tanis da ƙwallon kwando, an kuma ba ta ɗan aiki a sashen wasanni tana samun abin sayen sabulu. Dokokin ɗakin kwana na mata suna da tsanani, ba su yi mata daɗi ba, amma ta bi.

Abin lura shi ne, kwalejin nan ta warware mata matsalar nan ta biyu har shekara huɗu. Ta sami ɗaki, da abinci, da fili, da lokacin motsa jiki, ba kuwa wanda zai ce ta karɓi lada. Ta ci gaba da zama mai wasa don sha'awa a idon doka, alhali cikinta a cike. Da ba don haka ba, ban ga yadda za ta yi abin da ta yi a 1950 ba.

Tana ɗalibar shekarar farko ta kai wasan ƙarshe a gasar ƙasa ta cikin ɗaki, inda Nancy Chaffee ta ci ta. Saura babbar gasar Amurka da a ke yi a kan ciyawa a Forest Hills. Hukumar tanis ba ta fito fili ta ce ba ta son baƙi ba. Ta ce dai sai wanda ya nuna bajinta a gasannin kulob-kulob na kan ciyawa za a gayyata, kulob-kulob ɗin kuwa ba sa gayyatar baƙi. Sun ɗaure ƙofa ke nan ta baya, suna cewa a buɗe ta ke. Sai wata Baturiya, Alice Marble, wadda ta ci gasar Amurka sau huɗu, ta rubuta wasiƙa mai zafi a mujallar American Lawn Tennis ta watan Yuli 1950, ta nuna abin kunya ne a hana yarinyar gwada kanta saboda launinta kawai. Wasiƙar ta yi aiki. Wani kulob a jihar New Jersey ya gayyace ta, daga nan aka sa sunanta a Forest Hills.

Ran 28 ga Agusta 1950, kwana uku bayan ta cika shekara ashirin da uku, ta shiga fili ta ci Barbara Knapp ta Ingila. Wasa na biyu ya haɗa ta da Louise Brough, wadda ta ci Wimbledon shekara uku a jere. Ga waɗanda ba su san lissafin tanis ba, wasan mata zubi uku ne, wadda ta ci biyu ta yi nasara, a lokacin kuma kowane zubi sai an kai ci shida da ratar biyu. Brough ta ɗauki zubin farko 6 da 1. Althea ta natsu ta ɗauki na biyu 6 da 3. A na uku tana gaba 7 da 6, saura ci ɗaya tak, sai hadari ya taso da ruwa kamar da bakin ƙwarya, har tsawa ta faɗo ta tumɓuke wani gaggafa na dutse daga saman filin. Aka ɗage wasa. Kashegari, bayan ta kwana da abin a ranta da 'yan jarida a kanta, Brough ta ci uku a jere, aka tashi 9 da 7. Althea ta tattara kayanta ta koma aji a Tallahassee.

A 1951 ta ci gasar Karibiyan a Jamaika, ta kuma je Wimbledon karo na farko. Ta karɓi digirinta a 1953, tana da shekara ashirin da biyar.

Daga nan sai abubuwa suka yi sanyi. Ta kama aikin koyar da motsa jiki a Jami'ar Lincoln, a garin Jefferson City cikin jihar Missouri, makarantar da tsofaffin sojoji baƙaƙe suka tara kuɗi suka kafa a 1866. Albashi ba yawa, garin kuma yana da wariya, ga shi nesa da inda a ke manyan gasanni. Malami ba shi da lokacin ɗalibi, wannan duk za mu gani da idonmu nan gaba. A 1952 ita ce ta tara cikin matan Amurka, a 1953 ta bakwai, a 1954 ta faɗo ta goma sha uku. Jaridun da suka yi ta yabonta suka fara cewa an yi mata zaton da ya fi ƙarfinta. Ta yi niyyar barin tanis ɗungum ta shiga aikin soja na mata, inda mai digiri ke samun muƙamin hafsa da albashi tabbatacce. Mai koyar da ita a lokacin, Sydney Llewellyn, mutumin Jamaika ne mai tuƙin tasi a Niyu Yok, shi ya yi ta roƙonta ta ƙara haƙuri.

Abin da ya tsai da ita ya zo ta inda ba ta zata ba. A ƙarshen 1955 gwamnatin Amurka ta aike ta rangadin sada zumunci zuwa Asiya tare da Turawa uku, Karol Fageros da Ham Richardson da Bob Perry. Suka zaga Bama, da Silon, da Indiya, da Fakistan, da Tailan. Ba don Allah kaɗai gwamnati ta yi haka ba. Lokacin ana zargin Amurka ko'ina a duniya kan yadda ta ke wulakanta baƙaƙenta, tana son abin da za ta nuna. Althea ta san haka sarai, amma ta karɓa, gama karo na farko ke nan da ta sami wata da watanni tana wasa kullum da gwanaye, wani na biyan kuɗin abinci. Da rangadin ya ƙare ba ta koma gida ba. Ta ci gaba da gasanni a Asiya da Turai, cikin goma sha takwas ta ci goma sha shida.

A ƙarshen Mayu 1956 ta ci gasar Faransa a Faris, ta ka da Angela Mortimer ta Ingila 6 da 0, da 12 da 10. Cikin waɗannan kwanaki ne kuma aka kama wasu 'yan mata biyu na tsohuwar kwalejinta a Tallahassee don sun zauna a gaban bas, ɗalibai suka ƙaurace wa bas-bas na garin. A wasan mutum biyu-biyu ta haɗu da wata 'yar Ingila, Angela Buxton, Bayahudiya, wadda ita ma kulob-kulob suka sha ƙi saboda asalinta. Su biyun da ba mai son haɗa kai da su suka ci Faris, suka ci Wimbledon. Ku riƙe sunan Buxton, za mu sake gamuwa da ita.

Shekarun 1957 da 1958 nata ne. Tsawonta ƙafa biyar da inci goma sha ɗaya, tana buga ƙwallon farko da ƙarfi irin na maza, ta ruga wajen raga ta tare. Ran 6 ga Yuli 1957, cikin tsananin zafi, ta ci Darlene Hard 6 da 3, da 6 da 2, Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta miƙa mata faifan Wimbledon hannu da hannu. Birnin Niyu Yok ya yi mata jerin gwano a titi. A watan Satumba ta koma Forest Hills, wa za ta tarar a wasan ƙarshe? Louise Brough. Wannan karo ba hadari, ta ci ta 6 da 3, da 6 da 2. A 1958 ta sake cin Wimbledon da gasar Amurka duka biyu. In aka haɗa da na biyu-biyu, manyan kofunanta goma sha ɗaya ne.

Duk da haka akwai masaukai a Amurka da suka ƙi ba ta ɗaki bayan ta gaisa da Sarauniya. Wasu 'yan jarida baƙaƙe kuma suka yi fushi da ita, wai ba ta fitowa ta yi magana kan wariya, wai tana da girman kai. Ita tana ganin aikinta cin wasa ne. Ni dai ina ganin an ɗora mata kaya fiye da kima, amma gaskiya ba mace ce mai sauƙin sha'ani ba, ba ta kuma iya lallashi ba.

A ƙarshen 1958, tana da shekara talatin da ɗaya, ta bar gasannin sha'awa. Ba rauni ta ji ba, ba kuma wadda ta ka da ita. Kofuna sun cika ɗaki, aljihu wayam. Ta shiga wasa don kuɗi, sai ta tarar kasuwar ta maza ce, mata ba su da komai a ciki. Ta fitar da faifan waƙoƙi a 1959, gama tana da murya. Ta fito a wani fim na John Wayne a matsayin baranya, inda ta ƙi yin magana da irin karyayyen Turancin da a kan sa wa baƙaƙe don a yi dariya. Ta bi ƙungiyar Harlem Globetrotters, 'yan ƙwallon kwando masu haɗa wasa da barkwanci, tana karawa da Karol Fageros kafin a fara nasu wasan. Ku ji fa, zakarar Wimbledon sau biyu ta zama mai share fage. Ta sami kuɗi a wannan, amma kusan kullum ita ke ci, har masu kallo suka ƙosa, da ta shirya nata rangadin kuma sai ta yi hasarar abin da ta tara. A 1960 ta ci gasar duniya ta masu wasa don kuɗi a Cleveland, aka ba ta dala 500.

Sai ta juya ga wasan golf. A 1964, tana da shekara talatin da bakwai, ta zama baƙar mace ta farko cikin ƙungiyar matan da ke sana'ar golf a Amurka. Nan ma sai ta sake tarar da tsohon labari. Akwai kulob-kulob da suka yarda ta yi wasa a filinsu amma suka hana ta shiga ɗakin sauya tufafi, sai ta sauya cikin motarta. Ba ta taɓa cin gasa ba, mafi kyau ta zo ta biyu a 1970, abin da ta samu a golf duka kuwa bai wuce dala 25,000 ba.

Ana cikin haka, a 1968, aka soke tsohuwar dokar, aka buɗe manyan gasanni ga kowa, aka fara ba da kuɗi. Billie Jean King ta ci Wimbledon a shekarar ta karɓi fam 750. Althea tana da shekara arba'in. Ta ɗan gwada komowa, amma ƙafa ba ta kai ba. Shekara goma ce kawai tsakaninta da wannan canji. Da Venus Williams ta ci gasar nan a 2007, fam 700,000 aka ba ta.

A nan ne digirin Tallahassee ya sake amfani. Sauran shekarun aikinta ta yi su ne a New Jersey, tana koyar da yara tanis a unguwannin talakawa, tana kula da harkokin wasanni da motsa jiki na hukuma. A tsakiyar shekarun 1970 aka naɗa ta kwamishinar wasanni ta jihar, amma ba ta daɗe ba ta ajiye, domin ta ga suna aka ba ta ba iko ba. Tun 1971 aka sa ta cikin zauren tunawa da gwanayen tanis na duniya. Ta yi aure sau biyu, ba ta haihu ba. Likita Johnson kuwa, bayan ita, ya reni wani yaro mai suna Arthur Ashe, wanda ya ci Wimbledon a 1975.

A 1992 ta yi shanyewar jiki. Kuɗin magani ya cinye ɗan abin da ta ke da shi, ta kulle kanta a gida a East Orange, ba ta son kowa ya ga halin da ta shiga. Bisa ga abin da Angela Buxton ta faɗa daga baya, wata rana Althea ta buga mata waya ta yi mata ban kwana, ta ce ba ta da kuɗin haya ko na magani, ta gaji da rai. Shekara wajen arba'in ke nan da suka ci Wimbledon tare. Buxton ta fara aika mata kuɗi daga aljihunta, ta kuma sa aka buga wasiƙa a wata mujallar tanis, ba da sanin Althea ba. Sai ga ambulan suna zuwa daga ƙasashe dabam dabam, daga mutanen da suka gan ta tana wasa da waɗanda labarinta kawai suka ji, har akwatin wasiƙunta ya cika. Da wannan ta ƙarasa kwanakinta ba tare da bashi ba.

Ta rayu har ta ga Serena Williams ta ci gasar Amurka a 1999, Venus kuma ta ci Wimbledon a 2000. Tun daga 1958 ba wata baƙar mace 'yar Amurka da ta ci ɗaya daga cikinsu sai su. Ta rasu ran 28 ga Satumba 2003 a East Orange, tana da shekara saba'in da shida. A 2019 aka kafa mutum-mutuminta a filin gasar Amurka a Niyu Yok. Cikin waɗanda suka halarci buɗe shi har da Angela Buxton, tsohuwa mai shekara tamanin da biyar, wadda ta taso takanas daga Ingila.